Me ya sa kumbon gaske ba ya kama da na fim?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema wajen masu ilimin kimiyya na gidan nan. Ina rubuta wani labari ne da rabinsa a sararin samaniya yake faruwa, kuma ba na so in siffanta kumbon da masana za su karanta su ce shirme ne. A fim kumbo yakan tashi daga fili kamar jirgin sama, ya keta gajimare, ya je wata duniyar, ya sauka, ya dawo, duk jikinsa cif ba abin da ya ragu. Amma da na kalli bidiyon dawowar 'yan sama jannati, sai na ga wani ɗan dunƙulallen abu ya faɗo da laima a kansa, jikinsa duk ya babbake, ana zaro mutanen ana ɗora su a kujera. Shekara sama da hamsin da zuwa duniyar wata, me ya hana a ƙera irin na fim? Kuɗi ne babu, ko abin ne ba ya yiwuwa?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta taɓa tushen maganar. Mutane da yawa sun ɗauka nisa ne wahalar zuwa sama. Sararin samaniya ba shi da nisa: kilomita 100 kika yi sama, kin shiga inda ake ƙirgawa a matsayin sarari, kuma tashar ƙasa da ƙasa da 'yan sama jannati ke zaune a cikinta wajen kilomita 400 take daga ƙasa. Wahalar tana wajen gudu. In kina so abu ya zauna a can bai faɗo ba, dole ya riƙa gudu a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, wato kusan kilomita 8 a daƙiƙa. Da wannan gudun tashar ke zagaye duniya cikin minti 90. Jirgin fasinja kuwa wajen 900 yake yi a awa.

To gudun nan da mai ake sayensa, kuma man da za ki ƙona a minti na biyar sai kin ɗauke shi tun daga ƙasa, wanda shi ma ɗaukarsa na cin wani man. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fitar da lissafin wannan a 1903, kuma har gobe babu injiniyan da ya kuɓuce masa. Shi ya sa roka in tana tsaye a dandamali, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa. Ƙarfe, injin, kaya da mutane su raba ɗan abin da ya rage.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Malam, to ina amfanin oksijin ɗin? Mu dai injin mota iska yake sha daga waje.

Malamin Fiziks:
Nan ne fim ke yaudarar mutane. Injin mota da na jirgin sama suna samun oksijin kyauta daga iska. Roka kuwa cikin minti biyu zuwa uku ta wuce inda iskar take, don haka ita ke ɗaukar nata, kuma oksijin ɗin ya fi man nauyi nesa ba kusa ba. Duba Saturn V da ta kai mutane wata a 1969. Tsawonta mita 110, nauyinta ya kusa tan 3,000. Kashinta na farko ya ƙone fiye da tan 2,000 na kananzir da oksijin cikin kamar minti biyu da rabi, aka yar da shi a teku. Na biyu ya yi nasa, aka yar. Na uku ma haka. Abin da ya dawo gida da mutum uku bai kai tan 6 ba. Yarwar nan dole ce, don tankin da ya ƙare ya zama kaya, jansa asarar gudu ne.

Sarkin Yaƙi:
Ni ban yarda an kasa ba. Ai Amurka ta ƙera Space Shuttle, da fiffike, da taya, yana sauka a titin jirgi tsaf. Daga 1981 zuwa 2011 ya yi tafiya 135. Shi ya kai madubin hangen nesa na Hubble a 1990, da aka gano madubin na da matsala shi ya koma da mutane suka gyara a 1993. Yawancin manyan sassan tashar sararin samaniya shi ya yi dakonsu. Komawa ga laima ci baya ne, ko a faɗa ko kar a faɗa.

Injiniya Ɗan Zariya:
Ƙanena, aikin da ka lissafa duk gaskiya ne, kuma babu kumbon da zai iya gyaran Hubble a lokacin in ba shi ba. Amma ka ƙarasa lissafin. Cikin tafiya 135 ɗin nan, biyu sun ƙare da rayuka 14, kuma duka biyun siffar kumbon na da hannu a ciki.

Ranar 28 ga Janairu 1986 an harba Challenger da safe cikin tsananin sanyi. Wani zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin gefe ya sandare, wuta ta samu kafa ta fito ta ci tankin, kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kuma Columbia ya wargaje yana dawowa, saboda tun ranar tashi wani ɓallin soso ya ɓalle daga jikin tanki ya bugi bakin fiffikensa na hagu. Ka lura da abu ɗaya: Shuttle a gefen tanki aka manna shi, duk abin da ya faɗo daga sama yana iya samunsa, kuma in abu ya lalace ana tsakiyar tashi babu hanyar fizge mutanen. Wancan dunƙulallen da kake rainawa a can ƙololuwar roka yake zama, da 'yar rokar ceto a kansa. A 1983 rokar Soyuz ta Tarayyar Soviet ta kama da wuta tun tana dandamali, aka fizge mutum biyu suka tsira. A Oktoban 2018 wata ta samu matsala a sama, Nick Hague da Aleksey Ovchinin suka sauko lafiya.

Fiffiken nan kuma minti kaɗan na ƙarshe kawai yake amfani, amma sai an ɗauke shi an kai sama an dawo da shi, an lulluɓe jikin da tayil sama da 20,000 masu hana zafi, waɗanda bayan kowace tafiya sai an bi su ana dubawa. Girman fiffiken ma buƙatar rundunar sojin saman Amurka ce: suna so kumbon ya tashi daga Vandenberg a Kalifoniya, ya zagaya sau ɗaya ya iya karkatowa ya sauka gida. Har aka yi ritayarsa bai taɓa tashi daga can ba.

Sarkin Yaƙi:
To Injiniya, in ba shi da kyau me ya sa Tarayyar Soviet ta kwaikwaya?

Injiniya Ɗan Zariya:
Tsoro ne ya sa, sun zaci makami ne. Nasu kumbon, Buran, sau ɗaya ya tashi, a Nuwamban 1988, ba kowa a ciki, ya zagaya sau biyu ya sauko da kansa a tasharsu ta Baikonur. Gwaninta ce babba. Amma ba su sake harba shi ba, a 2002 rufin rumfar da aka ajiye shi ya rufto ya murƙushe shi. Soyuz kuwa, wadda zuriyar rokar R-7 ce da ta harba Sputnik a 1957 ta kuma ɗauki Yuri Gagarin a 1961, har yanzu tana aiki. Bayan an ajiye Shuttle, shekara tara Amurka tana sayen kujera a cikinta.

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri. To amma me ya sa gindinsa yake da faɗi haka? Ni da na ɗauka abin da zai keta iska tsini ya kamata ya yi.

Malamin Fiziks:
Haka injiniyoyi ma suka ɗauka da farko. A farkon shekarun 1950 wani masani, H. Julian Allen, ya nuna cewa mai tsini shi ya fi saurin narkewa. Abu mai faɗin gindi yana tura iska gabansa, ta taru ta matse nesa kaɗan da jikinsa, sai yawancin zafin ya tafi da iskar. 'Yan Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, da gudun kilomita 11 a daƙiƙa suke shigowa. Baƙin da kika gani garkuwa ce da aka yi ta don ta ƙone a hankali ta tafi da zafin. Iskar duniya ita ce birkinsu, kyauta. In da injin za su tsaya, sai sun tafi ɗauke da mai kusan irin wanda ya kai su.

In kina son ganin kumbon da aka ƙera don sarari zalla, ki nemi hoton wanda ya sauka a wata. Babu kyan gani ko kaɗan: ƙafa huɗu, kusurwa ko'ina, jiki nannaɗe da abu mai ƙyalli kamar zinariya, fatar ɗakin siririya ƙwarai. Kujera ma babu, a tsaye Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka tuƙa shi don a rage nauyi. A wata ba iska, saboda haka ba wanda ya damu da sumul ɗin jiki.

Ɗan Maraɗi:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni abin da ke ba ni mamaki, marubuta sun riga injiniyoyi a wasu wuraren. Jules Verne na Faransa ya rubuta tafiya zuwa wata a 1865, mutum uku, daga Florida, kuma a littafi na biyu a tekun Pasifik suka faɗo. Shekara ɗari bayan haka Apollo ta yi kusan hakan. Inda ya kauce shi ne da igwa ya harba su. Gudun da roka ke tarawa a hankali cikin minti takwas ko tara, igwa a ƙiftawar ido za ta ba da shi, nauyin jikin mutum ya ninka sau dubbai. Ba mai rai da zai fita daga bakinta. Ƙirgen nan ma da ake yi a baya-baya, goma, tara, takwas, daga fim ya samo asali, wani fim ɗin Jamus na Fritz Lang a 1929, wanda masanin roka Hermann Oberth ya ba su shawara a kan rokar.

Baba Na Fagge:
Yara, ku da kuke maganar Amurka da Rasha, ku sani Kano ma ta taɓa shiga wannan harka. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, cikin jerin tashoshin da ta baza a duniya saboda Mercury, shirin Amurka na farko na kai mutum sararin samaniya. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962, Kano na cikin wuraren da ke sauraronsa. Sannan a Agustan 1963 Shugaba Kennedy ya yi waya da Firimiya Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tashar Legas. Ku riƙa faɗa wa na baya.

Maman Hanan:
Na gode Baba, wannan sai ya shiga labarina. Har ya sa ni tunanin ko in sa kumbon nawa ya tashi daga arewa.

Ɗan Maraɗi:
Anti, Sahara ta taɓa ganin haka. Faransa ta harba tauraronta na farko, Astérix, a Nuwamban 1965 daga Hammaguir a hamadar Aljeriya, kafin ta koma Kourou a Kudancin Amurka.

Injiniya Ɗan Zariya:
Hajiya ki duba dalilin zaɓen Kourou kafin ki yanke. Duniya na juyawa zuwa gabas, kuma a layin da ya raba ta biyu gudun juyin ya kai kilomita 1,670 a awa. Rokar da ta tashi kusa da layin ta nufi gabas ta samu wannan a ɓagas. Kourou digiri 5 take daga layin, Cape Canaveral 28, Baikonur 46. Ta wannan fuskar Najeriya na da wuri mai kyau. Matsalar ita ce abin da ke gabas da mu. Kashin farko na roka faɗowa yake yi, wani lokacin da ragowar mai mai guba, don haka ana son teku a gaba. Mu kuwa gabashinmu Kamaru ce da Chadi, garuruwa da gonaki. Sin ta sha fama da sassan roka suna faɗowa kusa da ƙauyuka daga tasharta ta Xichang, inda aka harba mana NigComSat-1 a 2007. Kenya ce ta dace da teku a gabas, shi ya sa Italiya ta kafa dandamalin San Marco a ruwa kusa da Malindi, daga nan aka harba tauraron Uhuru a Disamban 1970. In daga gaɓar tekunmu ne, kudu za a nufa, kuma wannan hanya ta dace da taurarin ɗaukar hoton ƙasa masu bi ta kan ƙarshen duniya na arewa da na kudu, irin NigeriaSat-1 da aka harba daga Plesetsk a Rasha a 2003.

Sarkin Yaƙi:
Duk wannan maganar faɗowar sassa tsohon zance ne. Tun Disamban 2015 kamfanin SpaceX ke sauko da kashin farko na rokarsa Falcon 9 a tsaye, a 2017 suka fara sake harba wanda ya dawo, yanzu akwai waɗanda suka tashi fiye da sau 20. A 13 ga Oktoba 2024 kuma hasumiya ta cafe gindin babbar rokarsu Starship da hannuwa biyu yana saukowa, abu mai injin 33. Duk wanda ya kalla ya san irin na fim ya iso. Injiniya, ka yarda kawai.

Injiniya Ɗan Zariya:
Na kalla, kuma tsikar jikina ta tashi. Injin 33 su kunnu tare su yi aiki ba ƙaramin abu ba ne. Tarayyar Soviet ta gwada 30 a gindin rokar N1, sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, duka huɗun suka lalace. Abin da ya canza shi ne kwamfuta da ke iya lura da kowane injin tana daidaita su.

Amma ka duba da kyau, lissafin Tsiolkovsky na nan daram. Starship ma kashi biyu ce, tana rabuwa a hanya. Falcon 9 kashinta na farko kaɗai ke dawowa, saboda yana rabuwa tun gudun bai yi tsanani ba. Na biyun da ya kai cikakken gudu ƙonewa yake yi. Man saukar ma daga kayan da za a ɗauka ake rage shi, shi ya sa in kaya ya yi nauyi sosai sukan haƙura da dawo da rokar. Sannan NASA ta zaɓi Starship a 2021 don saukar da mutane a wata, amma a tsarin, in ta isa falaki, wato inda za ta riƙa zagaya duniya, tankinta ya kusa ƙarewa, sai an yi ta harba wasu Starship ɗin suna kai mata mai kafin ta wuce. Man nata, methane, da oksijin kuwa a matsanancin sanyi suke zama ruwa, in suka daɗe suna jira tururi suke zama. Wannan ɗurin man a sama shi ne jarrabawar gaske a wurina, ya fi cafewar wuya.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Ni tambayata a kan zafi ce. Injin da ke irin wannan aiki, ina lagiretonsa? A fim ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Malamin Fiziks:
Maigida, ka taɓo abin da marubuta suka fi mantawa. Ana cewa sarari na da sanyi, sai a ɗauka kumbo zai huce da kansa. Ka tuna fulas ɗin shayi: abin da ke hana shi hucewa shi ne ratar da aka zuƙe wa iska tsakanin bangonsa biyu. Kumbo a cikin irin wannan ratar yake zaune. Lagireton mota iska ke bugunsa ta kwashe zafin, can kuwa ba iskar, sai dai zafin ya fita a matsayin haske da ido ba ya gani, kuma wannan na son fili mai faɗi. In ka duba hoton tashar sararin samaniya, ban da faifan sola akwai wasu farare manya, su ne lagireto, ammoniya ke zagayawa a cikinsu. Injin roka mai tashi daga ƙasa yana da dabara: ana zagaya da man mai sanyi ta bututu a jikin bakin injin kafin a ƙona shi, zafin ya fita da hayaƙi. Amma kumbon labari mai injin nukiliya da zai yi watanni yana aiki, lagiretonsa zai iya fin sauran jikinsa girma.

Hajiya, ga wasu da za ki kiyaye. Ƙara ba ta tafiya inda ba iska, don haka fashewa a waje shiru ce, sai abin da ya taɓa jikin kumbon za a ji. Kumbo ba ya shan kwana yana karkata fiffike irin na Star Wars, waɗancan daga faɗan jiragen yaƙin duniya na biyu aka kwaikwayo su. In kin kashe injin ba ya tsayawa. Birki shi ne ki juya shi baya ya koma gaba, ki kunna injin. Shirin The Expanse ya nuna wannan daidai, har ya jera ɗakunan kumbon hawa-hawa, ta yadda turin injin ke manna ƙafar mutane a daɓe.

Maman Hanan:
To in injin a kashe yake, mutanena shawagi za su yi ta yi har wata shida? Ina da tsohuwa a cikin labarin.

Malamin Fiziks:
Jikinta zai wahala. Rashin nauyi na zaizaye ƙashi da tsoka, shi ya sa mazauna tashar ke motsa jiki wajen awa biyu kullum, kuma shi ne dalilin ɗaukarsu a kujera da kika gani. Maganin da aka sani shi ne juyi: a yi ɗakin zama kamar zobe yana juyawa, mutane su manne a bangon waje, kamar yadda fim ɗin 2001: A Space Odyssey ya nuna a 1968. Sai dai zoben ya zama babba, in ƙarami ne sai ya yi saurin da zai sa jiri da amai. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗaure ɗakin da wani nauyi da doguwar igiya su riƙa zagaya juna. An ɗan gwada hakan a kumbon Amurka Gemini 11 a 1966, nauyin da aka samu kaɗan ne ƙwarai, amma ya nuna abin na yiwuwa.

Injiniya Ɗan Zariya:
Shawarata ki raba aikin gida uku, kamar yadda Apollo ta yi. Roka mai kashi biyu ta kai su falaki. Can su tarar da babban kumbo da aka harhaɗa a sama, wanda bai taɓa taɓa ƙasa ba kuma ba zai taɓa ba: dogo, injin a can ƙarshe nesa da mutane, tankuna a tsakiya, lagireto a baje, ruwan shansu a zagaye da ɗakin kwana don ya tare musu haskoki masu cutarwa daga rana. Sai ƙaramin na sauka, wanda siffarsa ta dogara da inda za a je. In wata ne, ƙafafu da injin kawai. In Mars ne, akwai 'yar iska siririya, ta isa ta ƙona kumbo amma ba ta isa laima kaɗai ta tsayar da abu mai nauyi ba, shi ya sa a 2012 aka sauke motar Curiosity da garkuwa, da laima, da roka, daga ƙarshe aka zuro ta da igiya.

Sarkin Yaƙi:
Ni dai har yanzu ina ganin Starship za ta haɗe ukun nan a jiki ɗaya.

Injiniya Ɗan Zariya:
Wadda za ta je wata ma ai an cire mata garkuwar zafi da fikafikan, don ba za ta dawo cikin iskar duniya ba. A kumbon Orion 'yan sama jannatin za su tashi daga nan, su haɗu da ita a kusa da wata, kuma a Orion ɗin za su dawo, da laima, su faɗa teku.

Maman Hanan:
Injiniya, tafiyar Mars ɗin wata nawa zan rubuta? Kuma za su iya waya da gida?

Injiniya Ɗan Zariya:
Da injinan da ake da su yanzu, ki sa wata shida zuwa tara, kuma ƙofar tafiyar duk bayan wata 26 take buɗewa, lokacin da duniyoyin biyu suka daidaita. Hira kai tsaye ba za ta yiwu ba in sun yi nisa. Saƙo daga Mars na ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, gwargwadon inda take, amsar ma haka. In tsohuwar ta yi sallama, sai ta jira abin da zai iya kai minti 44 kafin ta ji an amsa mata.